Sa da Mushe a Ƙofar Majalisa

Tun da muka dawo daga Najeriya ban samu na zauna a dakalin ƙofar gidanmu na sha iska ba. Wannan ya zo ya ce, "Mutari, wai da gaske an kore ka daga majalisa?" Wancan ya ce shi ya ji har gidan kaso aka kai ni. Wani yaro ɗan garin Kurni da ban taɓa gani ba ya tsare ni a kasuwa, ya rantse wai na mari gwamna. To, bakina ya gaji. Zan rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta. Ban mari kowa ba. Korar kuwa an yi ta, amma ku bari in zo wurin.

Innata ba ƴar Matameye ba ce. A wani gari can ƙetaren iyaka aka haife ta, aure ya kawo ta nan. Tana da ƙane ɗaya tilo, Kawu Habu. Uwarsu ta rasu yana shan nono, Inna ce ta goye shi, ta yi masa wanka, ta riƙa kai shi makaranta da tsumagiya a hannu. Shi ne ya ci zaɓen ɗan majalisar jiha, abin da mu nan za mu ce depite, sai dai su kowace jiha da tata majalisar. Ba zan faɗi sunan jihar ba, don Inna ta ce in na faɗa kunnena ɗaya zai tafi.

Da ranar buɗe majalisa ta matso, Kawu ya kira ya ce, "Yaya, in ba kya wurin, ba zan ɗora hannuna a kan Alƙur'ani ba." Baba yana jiran ruwan shuka, ko da igiya ba ka jan shi daga gona. Gwiwar Inna kuma ba ta son hawa da sauka ba mai riƙe ta. Aka duba gidan kaf aka rasa mai hankali, sai aka ɗauke ni.

Mun shiga motar Ɗan Barto, garin bakin iyaka, da tsaraba kamar za mu buɗe kanti: cuku, kilishi, alkaki, dabino. Ni aka ɗora wa buhun a cinya, don haka ban ga hanya ba, ƙanshinta kawai na ji. Kusa da ni wani tsoho ne mai fataucin tattasai, wanda ya ce ya san Najeriya kamar aljihunsa. Da ya ji inda za mu, sai ya ce, "Yaro, in ka shiga ka gaida sanda. A majalisarsu sanda ce babba. In ba ta kan tebur, ko sun kwana suna magana hira ce kawai." Na yi dariya har buhun ya zame. Na ce, "Baba, mu a lakwal ma, a hannun malamai, sanda ce babba." Ya ce, "Yi dariya, za ka gani."

A ɓangarenmu na iyaka jandarma ya karɓi katina ya yi mini tambaya da Faransanci, na zuba masa amsa har da ƙari, don Inna ta ga kuɗin kaye da bik, wato littafi da biro, ba su tafi a banza ba. Muka tsallaka zuwa Kwangwalam, ɓangaren Najeriya. Ma'aikacin can ya ce, "Ina zuwa?" Na ce, "Majalisa. Rantsar da mu za a yi." Ya dubi silifas ɗina, ya dubi buhun, ya ce, "Allah ya taya riƙo, honarabul." Ya kuma kira Inna Hajiya. Daga nan har muka dawo kowa Hajiya yake ce mata. A Najeriya mace ta tsallaka iyaka da mayafi mai kyau, ta yi aikin hajji ba ta hau jirgi ba.

A nan muka tarar da Ɗanliti, yaron siyasar Kawu, yana jiranmu da mota. Gajere ne, mai wayoyi a kowane aljihu, kullum yana waige kamar wanda ya saci kaza. Na ajiye buhu na miƙe na ce, "Bon, wala, mun iso!"

Ɗanliti ya dafe kai da hannu biyu. Ya tura mu cikin mota, ya rufe gilasai, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, akwai matsala. Waɗanda suka faɗi zaɓe suna yaɗa cewa Honarabul ba ɗan ƙasa ba ne, wai ɗan Nijar ne. Sun kai ƙara. Gobe za su cika ƙofar majalisa da wayoyi. In suka ɗauki ɗan gidan Honarabul yana irin wannan yaren, za su tayar da hayaniya a zaure, a ce a ɗage rantsuwarsa sai an bincika. In kuwa aka rantsar da kowa aka bar shi, Allah kaɗai ya san ranar da zai zauna kujerar nan."

Inna ta ce, "Habun? Habun da aka binne cibiyarsa a bayan ɗakin uwarmu?"

"Ni na sani, Hajiya. Waya ce ba ta sani ba."

Inna ta gyara mayafinta. Can ta ce, "Shi ya ce in ɓoye inda nake aure?"

"Wallahi bai san na yi maganar nan ba, kuma kada ya ji. Yini ɗaya ne, Hajiya. A rantse, shi ke nan."

Daga nan motar ta zama aji. Ba lakwal, makaranta. Ba portabul, waya. Ba montir, agogo. Ba wi, e. Ba mersi, na gode. Ba wala, shi ke nan. In wuta ta ɗauke kada in ce kuran ya tafi. "In babba ya yi maka magana," in ji Ɗanliti, "ka ce yallaɓai, ko ranka ya daɗe, ko ka ce sa."

Na ce, "Sa? Na huɗa?"

"Sa na Turanci."

"Wato sai ku dubi babban mutum da babbar rigarsa ku ce masa sa, shi kuma ya ji daɗi? Matarsa fa, saniya?"

Na yi dariya har da hawaye. Na waiga in ga ko Inna ta taya ni, sai na ga tana kallon waje tana motsa leɓe, tana bitar kalmomin ita ma. Shekarun da ta yi a Matameye sun cika mata baki da wala, ba ta ma san tana faɗi ba. A nan dariyar ta maƙale mini.

A Daura muka tsaya shan fura. Na yi shiru kamar mutumin kirki, na shanye, na miƙa wa mai furar ƙwarya na ce, "Mersi." Ta ce, "Allah sarki, ɗan Nijar, a sauka lafiya." Ɗanliti ya jingina da mota kamar za a yi masa fifita. Nan ya yanke hukunci: daga yanzu ciwon haƙori nake, ba na iya magana. Ya ciro dabino daga tsarabar Inna ya cusa mini a kunci don ya kumbura. Ban san yadda aka yi ba, dabinon ya narke. Ya sa wani, shi ma ya narke. Kafin mu shiga birni na cinye ciwon haƙori mai yawan gaske. Sai ya sauya mini da goro, irin mai ɗacin nan da ko akuya ta gani sai ta kauce.

Gidan Kawu ba masaka tsinke. Magoya baya a zaure, a tsakar gida, a kan katanga, wani ma a kan tankin ruwa. Kawu ya fito cikin mutane, da ya ga Inna sai ya cire hula ya durƙusa har ƙasa, babban mutum da shi. Inna ta dafa kansa ta ce, "Tashi, kada ka ɓata rigar." Ya juyo gare ni.

"Mutari sarkin surutu! Yau lafiya ban ji ka tun daga bakin titi ba?"

Ɗanliti ya yi caraf ya ce, "Haƙori ne, sa."

Ku ji inda zalunci yake. Matar Kawu, Anti Bilki, mace mai tausayi, ta ji an ce haƙori. Ta sa na kuskure baki da ruwan gishiri mai zafi, ta danna mini kanumfari a dasashi har na ga taurari da rana. Sannan aka kawo abinci: dafa-duka ja wur, da kaji soyayyu tuli guda. Na miƙa hannu, ta janye farantin. "Haba, mai ciwon haƙori da nama? A kawo masa kunu." Ina zaune ina kallon wani ƙato da ko sunan Kawu bai iya faɗi daidai ba yana tauna cinyar da Allah ya rubuta tawa ce.

A ɗakin samari aka sauke ni. Bayan tagar akwai gurup, su janareta suke ce masa, yana ruri kamar an ɗaure jaki a cikin tukunya. Wani saurayi ya ce in ba shi lambar wayata mu riƙa gaisawa. Na buɗe baki, sai na tuna ban taɓa faɗin lambata da Hausa ba. Ku gwada ku gani, wallahi da Faransanci take fitowa. Na kama kunci na yi nishi. Ya ce, "Sannu, abin har ya taɓa ƙwaƙwalwa."

Da safe aka kawo burodi mai laushi kamar matashin kai, ka danna shi ya dawo. Namu in ka buga wa mutum a ka sai an kai shi likita. Shayinsu kuma a kofi mai girman buta, fari fat da madara, sha ɗaya an gama. Na ce a raina, mutanen da ba sa jiran tafasa ta biyu da ta uku, ina suke samun lokacin gulma? Ɗanliti ya ƙwace rigata mai rubutun Faransanci a ƙirji, ya ba ni kaftanin wani, wanda ni da ƙanena za mu shiga mu bar wa baƙo wuri.

Kafin mu fita Inna ta ja ni gefe tana gyara mini wuyan riga.

"Mutari, don Allah, yau kawai. In aka fasa rantsar da yaron nan saboda bakinmu, ban san inda zan sa kaina ba."

Na ce, "Inna, ko allura aka soka mini ba zan ce uffan ba." Na mayar da gorona.

Ƙofar majalisa ta fi kasuwarmu cika. Makaɗa, ƴan sanda, masu sayar da ruwan leda, mata da anko. Ɗanliti ya taɓa ni da gwiwar hannu ya nuna wani dogo mai jar hula da waya a sama. "Ka gan shi? Sule Bidiyo. Na waɗancan ne. Ko tari za ka yi, yi shi da Hausa."

Muka hau matakala zuwa benen baƙi, Inna tana dafe da kafaɗata, Sule Bidiyo yana bayanmu kamar ƙuda. A bakin ƙofa wani dattijo yana tsaye cikin kakin aiki da farar safar hannu, yana duba masu shiga. Baba Sajan suke ce masa, tsohon soja ne, shi ke ɗaukar sandar majalisa. Dogo ne ramamme, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Daga baya na ji bai daɗe da tashi daga doguwar jinya ba. Ya dube ni ya ce:

"Kai yaro! Tofar da abin da ke bakinka, ba a ci a ciki. Tsaya sosai. Ka kashe waya?"

Muryarsa sak ta malaminmu na lissafi. Jikina bai yi shawara da ni ba. Na tofar da goron a hannu, na haɗe ƙafafu, na tuna kada in ce wi, har ina yaba wa kaina, na ce da ƙarfi:

"To, mushe!"

Ku ƴan Matameye kun sani, tun ajin farko kowane malami namiji mushe muke ce masa. Kalmar girmamawa ce ta Faransanci, daidai da sa ɗinsu. Su kuwa can mushe ɗaya suka sani: dabbar da ta mutu ba yanka, wadda ake ja da igiya a yar bayan gari.

Baba Sajan ya sunkuyo a hankali.

"Me ka ce?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni ne mushe? Don ka ga na kwanta ciwo na rame? Jikana ya girme ka, ka dube ni a gaban jama'a ka ce mini mushe?"

Ba fushi ne ya fi yawa a idonsa ba, abin ya soke shi ne. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Magana ɗaya ce za ta wanke ni, tana nan a kan harshena: Baba, a garinmu girmamawa ce. Amma daga na ce garinmu, za a ce wane gari. Ga Sule Bidiyo ya riga ya kawo wayarsa dab da hancina yana cewa, "Ɗan gidan wa ne wannan? Kai, daga ina kake? Da wa ka zo?"

Na dubi Inna. Ta riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu, fuskarta kamar an yayyafa mata toka. Na rufe bakina. Ni Mutari, wanda aka taɓa kora daga ajin da ba nasa ba saboda surutu, na rufe bakina gam.

Wani ya sakar mini ranƙwashi ta baya. Wata mata mai anko ta ce, "Marar tarbiyya! Ko wace uwa ce ta haifi wannan, ta yi asara." A kunnen Inna ta faɗa, kafaɗarsu tana gugar juna. Na ga Inna ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Ɗanliti ya ce, "Ba mu san shi ba, cikin ƴan kallo ya biyo," ya tura Inna ciki. Ɗan sanda ya damƙi wuyan kaftanina, da yake rigar tana da yalwa sai da ya yi damƙa biyu kafin ya same ni a ciki. Baba Sajan ya ce, "Kada a doke shi. A fitar da shi kawai."

To, wannan ita ce korar da kuke ta tambaya.

A waje an kafa rumfa da babban talabijin don waɗanda ba su samu shiga ba. Na raɓe a gefe kusa da wani dattijo mai tabarau, tsohon malamin makaranta, wanda ya ɗora wa kansa aikin fassara wa duk rumfar, don da Turanci ake yi. Sai ga Baba Sajan a talabijin, ya shigo da wata sanda mai ƙyalli a kafaɗa, kowa ya miƙe. Ya kwantar da ita a kan tebur kamar jariri. Duk wanda zai gifta sai ya rusuna mata. Na ce, mai tattasai, ka yafe mini.

Wani mai baƙar riga, akawun majalisa, ya karanta takardar gwamna ta buɗe zama. Ya karanta, ya karanta, har wata mata ta yi barci a kafaɗata. Sannan malamin ya ce, "Yanzu za a kira suna." Ana cikin kira sai wani ɗan majalisa ya miƙe ya ɗaga hannu, fuska a murtuke. Na ce shi ke nan, ga ta nan, wani ya gane ni, an kai musu labari. Na kama hannun malamin na ce, "Me ya ce? Me ya ce?" Ya ce, "Wai abin maganarsa ba ya aiki." Na sake shi. Ya duba hannunsa ya matsa nesa da ni.

Aka kira mazaɓar Kawu, aka kira sunansa. Ya miƙe ya ce, "Firezan!"

Na kusa faɗuwa. Kalmar da nake faɗi kowace safiya a lakwal in mushe ya kira suna! Na sha ranƙwashi, na sha kunu, na tauna goro, ga Kawu da kansa ya yi Faransanci a gaban duniya! Na ce wa malamin, "Wane yare ne wannan?" Ya ce, "Turanci mana. Yana nan, ke nan." Ashe kalmar tana da katin ƙasa biyu, ba wanda ya kai ta ƙara.

Aka zo zaɓen kakaki, wato shugaban zaman. Wani ya kawo suna, wani ya goyi baya, aka tambaya ko akwai wani, ba kowa. Wanda aka zaɓa ya yi ta nuna mamaki, alhali sabuwar rigarsa ta nuna tun jiya ya sani. Duk abin da aka tambaye su sai su haɗa baki su ce, "Ai!" kamar matan da aka gaya wa tsadar gero. Malamin ya ce amincewa ke nan. Ni dai ban ga wanda ya taɓa cewa a'a ba.

Sannan rantsuwa. Suka riƙa fitowa, kowa da Alƙur'ani a hannu. Ina kallon ƙofar zauren a talabijin, ina jiran a banko ta a shigo da ihu. Ba a banko ba. Kawu ya fito, ya ɗaga ido sama wajen benen baƙi, ya daɗe yana nema har ya samu abin da yake nema, sannan ya fara. Ban ji Turancin ba, amma na ji muryarsa ta sarƙe a tsakiya. Da ya sa hannu a takarda, na zauna a ƙasa daɓas. Malamin ya ce, "Yaro, ko farfaɗiya gare ka?"

Aka tashi sallar azahar. Ta cikin ƙarfen shinge na hango Inna ta sauko matakala ita kaɗai, ta manta da gwiwa, ta ratsa ƴan sanda kamar ta zo karɓar tsintsiyarta a maƙwabta. Ta tsaya gaban Kawu. Ban ji abin da ta ce ba, yatsanta kawai na gani yana nuna bene, yana nuna ƙofa, yana nuna Ɗanliti. Kawu ya juya ya dubi Ɗanliti. Ɗanliti da ma gajere ne, amma ranar na ga ya ƙara shiga ƙasa.

Da aka koma, suka ci gaba da ƙananan ayyuka: amincewa da dokokin zama, naɗa waɗanda za su raba kwamitoci, gaishe-gaishe. Ai, ai, ai. Sai kakaki ya ba sababbi dama kowa ya yi godiya a taƙaice. Da aka zo kan Kawu ya nemi izini ya yi da Hausa, aka ba shi.

"Ranka ya daɗe, a benen can akwai matar da ta goye ni lokacin da uwarmu ta rasu. A ɗakin da aka haife ni aka haife ta. Aure ya kai ta Matameye, ƙasar Nijar. Yau an sa ta ɓoye wannan don kada a ce wani abu a kaina, ban sani ba sai ɗazu. Yaya, miƙe su gan ki."

Talabijin ya nuna Inna a tsaye, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Duk wanda ba shi da ɗan'uwa a ƙetaren iyakar nan, a zauren nan, ya ɗaga hannu in gan shi."

Ba hannun da ya tashi. Wani daga baya ya ce, "Ni surukata ma can take, in ana mayarwa a taimaka mini!" Aka fashe da dariya.

"Sannan, ranka ya daɗe, ina neman afuwar Baba Sajan. Yaron da ya ce masa mushe ɗanta ne. A makarantunsu haka ake kiran malami don girmamawa. Ya gwammace a kore shi da ya yi bayani a gane daga inda ya fito. Mu nan muna ce wa manyanmu sa, su can suna ce wa nasu mushe. Dabba ɗaya ce, ranka ya daɗe, tamu dai da sauran ranta."

Zauren ya kece. Kakaki yana buga guduma yana dariya, gudumar ma ba ta jin kanta. Baba Sajan yana tsaye ƙiƙam kusa da sanda, aikinsa bai yarda ya yi dariya ba, amma kafaɗunsa suna rawa kamar motar Ɗan Barto. A rumfa malamin ya juyo a hankali ya dube ni ta saman tabarau. Na ce, "Wi, ni ne."

Kakaki ya ce a shigo da yaron. Ɗan sandan da ya fitar da ni shi ya zo, wannan karon har da kakkaɓe mini kafaɗa. Na hau bene, na zauna kusa da Inna, na gyara kaftani don in kalli majalisa da idona. Wani ya miƙe ya faɗi magana guntuwa, wani ya goyi baya, suka ce, "Ai!" Kowa ya tashi, aka ɗauke sanda. Na ce, "Me ya faru?" Aka ce an ɗage zama. Duk doguwar tafiyar nan, abin da na gani da idona a majalisa shi ne yadda ake tashi.

A ƙasa na nemi Baba Sajan na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya cire safar hannu ɗaya, ya daɗe yana kallona.

"Wato duk malamanku haka kuke ce musu?"

"Har da darakta, Baba."

"Kullum?"

"Safe da yamma."

"Allah ya ba su haƙuri." Ya kama hannuna ya ɗaga ni. "Tashi, Mushe Mutari. Ranƙwashin nan da aka yi maka, a bar shi a kaina."

Sule Bidiyo ya samu bidiyonsa, sai dai maganar Kawu ce ta zagaya wayoyi, ba tawa ba. Batun ƙara kuwa na manya ne, suna can suna yi, amma Kawu yana zaune a kujerarsa. Da muka koma gida na sanar da Anti Bilki cewa haƙori ya warke, ta ce ai da ma kanumfari ba ya ƙarya. Na rama kajin jiya har da ribarsu. Ɗanliti aka ba kunu.

A hanyar dawowa Inna ba ta tayar da maganar ba. Ta yi ta kallon gonaki, an yi ruwa bayanmu, mutane sun fita shuka. Sai da muka tsallaka iyaka, muka zauna jiran mota a Ɗan Barto, ta sauke ajiyar zuciya ta ce da ƙarfi, "Wala!" har mai shayi ya waigo. Sannan ta sa hannu ta shafa daidai inda aka ranƙwashe ni.

"Matar nan da ta ce uwarka ta yi asara," in ji ta, "da na san gidanta da na koma." Sannan ta dube ni. "Ashe bakin nan naka yana da marfi."

Na ce, "Yana da shi, Inna. Amma na baro shi a majalisa."